SHARHI: Papiri, makarantar da kowa ya yi magana a kanta ban da iyayen yara

Ranar Litinin, 22 ga Disamba, 2025, aka jera sauran ɗalibai da ma'aikatan makarantar St. Mary's ta Papiri, su 130, a gidan gwamnatin Jihar Neja da ke Minna. Aka ɗauki hotuna, aka yi jawabai, aka yaba wa jami'an tsaro. Makonni biyu kafin nan, a wannan wuri dai, an yi wa rukunin farko na yara 100 irin wannan tarba. Wata guda ke nan tun daren 21 ga Nuwamba da 'yan bindiga suka kutsa ɗakunan kwanan wannan makaranta ta ɗariƙar Katolika, suka kora yara cikin daji. Waɗanda suka haifi yaran kuwa, akasarinsu suna can ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Agwara da kewayenta, tafiyar kusan yini guda a mota daga Minna, suna dakon a kai musu 'ya'yansu bayan manya sun gama gani.

Haka lamarin ya gudana tun daga farkonsa. Gwamnatin jiha ta yi magana, coci ta mayar da martani, fadar shugaban ƙasa ta fitar da sanarwa, Fafaroma Leo na 14 ya yi roƙo daga Roma a saki yaran, 'yan siyasar Amurka ma sun tofa albarkacin bakinsu. Iyaye kuwa an nuna su suna kuka a talabijin, an naɗi muryoyinsu, aka wuce. A duk manyan shawarwarin da suka shafi makarantar, daga batun ko ya kamata a ce tana buɗe a wannan dare har zuwa batun makomarta, su ne ɓangaren da aka fi ambato kuma aka fi ƙin tuntuɓa. Alhali kuwa da amanarsu makarantar take tsaye.

Ɗan shekara shida a makarantar kwana

Matashin da ya tashi a Kano ko Kaduna zai yi mamakin jin cewa makarantar firamare tana da ɗakunan kwana. Alƙaluman da Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, reshen jihar ta fitar sun nuna cewa sashen firamare na St. Mary's yana da yara 430, kuma 377 daga cikinsu 'yan kwana ne, 53 kacal ke jeka-ka-dawo. Mafi rinjayen waɗanda aka sace ma daga wannan sashe suke, wasunsu ba su wuce shekara shida ba.

Dalilin haka yana cikin yanayin ƙasar. Agwara tana yammacin Kogin Neja, a gefen Tafkin Kainji, cikin masarautar Borgu, yankin da sai a 1991 aka cire shi daga Jihar Kwara aka haɗe shi da Neja. Mai zuwa daga Yawuri ko Kontagora, ko dai ya jira jirgin fito ya tsallaka ruwa, ko ya yi dogon zagaye ta New Bussa. Ƙauyukan Kambari da maƙwabtansu a warwatse suke, tsakanin wannan da wancan sai gonaki da daji, da damina kuma hanyoyin kan yanke. Yaron da zai taka ƙafa zuwa makaranta kullum ya dawo, a irin wannan wuri, ba zai kai aji uku ba zai daina. Shi ya sa 'yan mishan suka gina makarantar da za ta tattara yaran wuri guda, ta ciyar da su, ta kwanar da su, sistocin ƙungiyar OLA kuma suke tafiyar da ita a ƙarƙashin shiyyar Katolika ta Kontagora.

Ya kamata a tsaya a auna nauyin abin da iyayen nan suke yi. Uban da ya ɗauki yaron da bai gama iya wanke rigarsa ba, ya ɗora shi a babur, ya yi tafiyar sa'o'i da shi, ya danƙa shi ga wasu mutane ya juyo gida, ya ba da amanar da babu wadda ta fi ta girma. A karkara irin wannan, kuɗin makaranta daga rumbu yake fitowa: a sayar da dawa, a sayar da wake, a sayar da akuya. Ban da kuɗin, gidan ya rasa mai kiwo da mai ɗebo ruwa da mai korar tsuntsu a gona. Sau da yawa uban da uwar ba su taɓa zama a aji ba, ba za su iya duba littafin yaron su gane ko yana ci gaba ba. Jarinsu gaba ɗaya yarda ce.

Ita kanta cocin Katolika ta daɗe da rubuta cewa makaranta mataimakiyar gida ce. Babban taron Vatican na biyu ya fitar da takarda a kan tarbiyya da ilimi a 1965, wadda ta ɗauki iyaye a matsayin malamai na farko kuma mafi haƙƙi a kan 'ya'yansu. Dokokin cocin kuma sun umurci malaman makarantunta da su yi aiki tare da iyaye, su saurare su, a kafa musu ƙungiyoyi da taruka. A Ingila, wannan ya kai ga iyaye suna zaɓen wakilansu a hukumar gudanarwar makarantun Katolika da gwamnati ke tallafa wa, suna da ƙuri'a kamar kowa. A Najeriya kuwa, a makarantun coci da na gwamnati da na kuɗi baki ɗaya, abin da aka fi sani da shigar iyaye shi ne taron ƙungiyar iyaye da malamai, wato PTA, inda ake karanto sabon kuɗin da za a biya, a sha lemo, a watse.

Wa ya san yawan yaran?

Babu abin da ya tona wannan giɓi kamar rikicin ƙidaya. A ranar farko an ce ɗalibai 215 da malamai 12. Washegari CAN ta ce bayan sake bincike adadin ya kai ɗalibai 303 da ma'aikata 12. Daga nan aka sanar da cewa yara 50 sun kuɓuta da kansu, saura mutum 265. Gwamna Mohammed Umar Bago ya fito ya nuna shakku a kan waɗannan alƙaluma, yana ganin an kambama su. Aka shafe kwanaki ana ja-in-ja, yara na daji. Sai da aka yi kusan mako guda sannan iyaye suka taru a harabar makarantar, kowa ya rubuta sunan ɗansa da bai gani ba. Da aka sako 100, aka sako 130, jimilla ta tsaya a 230, gwamnati ta ce babu saura, cocin kuma daga baya ta amince da haka. Mutum 35 ɗin da suka yi ragowa a lissafi, bayanin da aka bayar shi ne ko dai sun tsere tun da wuri, ko kuma tun asali ba a tafi da su ba.

Ba a Papiri aka fara ganin haka ba. A Kuriga ta Jihar Kaduna, a watan Maris na 2024, an ce an sace yara 287, amma da aka sako su sai gwamnati ta ce 137 ne kuma su ke nan. Wasu za su ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu, tunda dai yara sun dawo. Sai dai adadi a irin wannan hali rai ne. Idan aka rage shi, ana iya gama biki a gidan gwamnati alhali wani yaro yana ƙarƙashin bishiya a daji babu mai nemansa. Idan aka ƙara shi, an ba masu musun faruwar abin makami, an kuma ɓata yarda tsakanin masu neman yaran.

Abin da ya jawo ruɗanin a Papiri ba boyayye ba ne. Yaran da suka watse cikin duhu ba duka suka koma makaranta ba, wasu gida suka nufa, gida kuma yana ƙauyen da waya ba ta shiga sosai. Rajistar makaranta tana nuna wanda aka ɗauka, ba ta nuna wanda ya kwana a ɗakin uwarsa jiya. Wannan ilimi yana hannun iyaye ne kaɗai. Da a ce kowane ƙauyen da ke da yara a makarantar yana da wakilin iyaye guda ɗaya sananne, wanda hukumar makaranta da dagaci da 'yan sanda duk suka san shi, da ƙidayar da ta ci makonni ba za ta wuce kwana biyu ba. Wannan ba ya buƙatar biliyoyi. Littafi ne da babur da lambar waya.

Takardar da ba a gani ba

Sa'o'i kaɗan bayan harin, sakataren gwamnatin jihar, Abubakar Usman, ya fitar da sanarwa cewa gwamnati ta samu bayanan sirri a kan ƙaruwar barazana a yankin, ta ba da umurnin rufe makarantun kwana, amma St. Mary's ta ci gaba da karatu ba tare da izini ba. Bishop Bulus Dauwa Yohanna, shugaban shiyyar Kontagora kuma shugaban CAN na jihar, ya musanta, ya ce babu wata takarda da ta iso musu, kuma ana neman ɗora musu laifi ne kawai.

Ko wanne ne mai gaskiya a cikinsu, akwai tambayar da maganar kowannensu ta tsallake. A ɗauka gwamnati ta aika da takardar. Gwamnatin da ta san ana shirin kai hari wurin da ɗaruruwan yara ke kwana, ashe aikinta ya ƙare da sa hannu a takarda? Akwai gidajen rediyo, akwai hakimai da dagatai, akwai ranakun kasuwa, akwai coci da masallaci. Da gargaɗin ya isa kunnen iyaye da harshen da suke ji, da yawansu ba sai an ce su zo su ɗauki 'ya'yansu ba. Ballantana kuma bayanan sirri jami'an tsaro ya kamata su fara motsawa a kansu, kafin shugabar makaranta.

A ɗaya ɓangaren kuma, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwana huɗu kafin harin Papiri, ranar 17 ga Nuwamba, an sace 'yan mata 25 a makarantar sakandare ta Maga a Jihar Kebbi mai maƙwabtaka, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. A watan Yunin 2021 an kwashe ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri, a ɗaya gefen kogin. Gandun dajin Kainji, wanda shekaru ke nan ana ba da rahoton 'yan bindiga sun yi sansani a cikinsa, ba shi da nisa. Hukumar makaranta ba ta buƙatar takarda daga Minna kafin ta san haɗari ya matso. Ba lallai ne amsar ta zama rufewa ba, domin rufe makaranta ma yana da nasa tsadar. Amma shawara ce da ta cancanci a yanke ta a gaban masu 'ya'ya, a gaya musu abin da aka sani da abin da masu gadi za su iya da wanda ba za su iya ba, kowa ya zaɓa da idonsa a buɗe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma manomin da ke kwana a bakin daji yakan riga kowace hukuma sanin baƙin babura sun fara yawa.

Wanda ke biya

Idan abu ya ɓaci kuwa, ba a neman iyaye a rasa. A Tegina, a wannan jiha ta Neja, an sace yara fiye da 130 daga makarantar Islamiyya ta Salihu Tanko a ƙarshen Mayun 2021, suka yi kusan wata uku a daji, iyaye suka sayar da abin hannunsu suka yi karo-karo, wasu yaran kuma ba su dawo da rai ba. A makarantar Bethel Baptist ta Kaduna, inda aka kwashe ɗalibai 121 a watan Yulin wannan shekara, iyaye da coci ne suka yi ta tara kuɗi ana sako yaran kashi-kashi. 'Yan matan Birnin Yawuri na ƙarshe sai a 2023 suka fito, bayan iyayensu sun yi ta neman taimakon jama'a. Martanin Majalisar Dattawa a Afrilun 2022 shi ne amincewa da gyaran dokar da ke tanadar ɗaurin aƙalla shekara 15 ga wanda ya biya kuɗin fansa. Wato uban da hukuma ta kasa tsare masa ɗa, idan ya sayar da gonarsa ya karɓo shi, ya zama mai laifi. A Papiri gwamnati ba ta bayyana yadda aka yi aka sako yaran ba, amma wani farashin an riga an biya shi: cocin ta sanar da cewa biyu daga cikin iyayen sun rasu a kwanakin jiran.

Harin ya zo ne makonni uku bayan Shugaba Donald Trump ya mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini, har ya yi barazanar ɗaukar matakin soja. Don haka nan da nan Papiri ta zama hujja a muhawarar da ake yi a Washington da Abuja da shafukan sada zumunta. Fargabar Kiristocin yankin gaskiya ce, kuma wanda ya raina ta bai yi adalci ba. Amma wanda ya ajiye Papiri kusa da Tegina zai ga uwa Kirista da uwa Musulma a tsaye wuri ɗaya: bakin ƙofar makaranta, babu mai gaya musu komai. Masu fafatawa a intanet da sunansu, daga ɓangarorin biyu, kaɗan ne suka tambayi inda yaran za su yi karatu a zango mai zuwa.

Maganin da ya fi sauƙi ga hukuma

Matakin farko da gwamnatoci suka ɗauka shi ne rufewa. Gwamna Bago ya rufe dukkan makarantun jihar har zuwa sabuwar shekara. Gwamnatin tarayya ta rufe kwalejojinta 47. Jihohi irin su Katsina da Filato da Bauchi suka bi sahu. Ranar 26 ga Nuwamba, a sanarwar da ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan tsaro, Shugaba Bola Tinubu ya shawarci jihohi su sake tunani a kan kafa makarantun kwana a wurare masu nisa da ba su da isasshen tsaro.

A Abuja wannan magana ce mai ma'ana. A Agwara kuwa fassararta ita ce babu makaranta. Nisan ne ya haifi makarantar kwanan tun farko, kuma cire ta ba zai matso da ƙauyukan kusa ba. Yaron da aka mayar gida a aji huɗu gona za ta karɓe shi, yarinya kuma aure. Shekarun da 'yan mishan da iyayen farko suka ɓata suna shawo kan maƙwabtansu cewa boko yana da amfani, dare ɗaya ya isa ya rushe su, rufewar da ba ta da ranar buɗewa kuma ta ƙarasa abin da ya rage.

Ba tsare-tsare aka rasa ba. Bayan sace 'yan matan Chibok 276, an ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja a watan Mayun 2014 tare da tsohon firaministan Birtaniya Gordon Brown, 'yan kasuwa suka yi alƙawarin dala miliyan 10, gwamnati ta ce za ta ƙara kwatankwacin haka. A ƙarshen 2022 aka fito da wani tsari na naira biliyan 144.8 na shekarun 2023 zuwa 2026. Amma rahoton da UNICEF ya fitar a Afrilun 2024 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari ne kawai na makarantun jihohi goma da aka duba suke da tsarin gargaɗin gaggawa. Shi kuwa gargaɗin gaggawa, a karkara, da mutane ake yin sa: maharbi da ɗan kabu-kabu da mai kamun kifi da suka san wanda za su kira, kuma suka tabbata idan sun kira za a zo. Kwamitocin jama'a na kula da makarantu, waɗanda ake kira SBMC, an yi kusan shekara ashirin da amincewa da su, kuma dama su ya kamata su riƙe wannan aiki. A wurare da yawa sunayensu suna takarda ne kawai, don cika sharaɗin karɓar tallafi.

Wannan tsallake iyaye yana da tarihi. A shekarun 1970 gwamnatocin soja suka karɓe makarantun mishan, St. John's ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta zama Kwalejin Sarauniya Amina. Daga baya wasu jihohi suka fara mayarwa, Anambra ta miƙa wa coci-coci makarantun firamare fiye da dubu a 2011 zamanin Peter Obi. A karɓewar da mayarwar duka, gardamar tsakanin gwamnati ce da shugabannin addini a kan wa zai riƙe mabuɗi. Al'ummomin da suka ba da fili suka ɗebi yashi suka yi bulo ba su samu kujera a teburin ba. Abin lura ne kuma cewa makarantun mishan da suka daɗe suna tsaye a Arewa, irin su St. Louis ta Kano wadda 'ya'yan Musulmi da yawa suka yi karatu a cikinta, abin da ya riƙe su shi ne iyaye na addinai daban-daban da suka ɗauke su tamkar nasu.

Zaɓin da ke gaban St. Mary's bai wuce uku ba, kuma babu mai daɗi. Ana iya sake buɗe ta a Papiri da jami'an tsaro na dindindin, idan har gwamnati za ta ajiye su bayan 'yan jarida sun kwashe kyamarorinsu. Gwamnan Kebbi, Nasir Idris, da bakinsa ya nemi a bincika dalilin da ya sa aka janye sojoji daga Maga gab da harin. Ana iya mayar da ɗakunan kwanan zuwa gari mai tsaro kamar New Bussa ko Kontagora, wanda ke nufin ƙarin kuɗin mota da ƙarin nisa tsakanin uwa da ɗan shekara shida, kuma talakawan cikin iyayen su ne za su fara zubewa. Ko kuma a rarraba ƙananan azuzuwan zuwa ƙauyuka, yara su yi aji ɗaya zuwa uku a gida, a bar kwana ga manya, wanda ke buƙatar malaman da za su yarda su zauna can da wanda zai biya su albashi.

Gwamnatin jiha da shiyyar Kontagora za su iya zama su zaɓi ɗaya a cikin ukun, su fitar da sanarwa. Amma zango na biyu a watan Janairu yake farawa, kuma a ɗaruruwan gidaje da ke tsakanin Papiri da bakin tafki, uba da uwa ne za su dubi yaron da ya yi wata guda yana kwana a ƙasa cikin sanyin hunturu, su yanke ko za a sake ɗaure masa akwati a bayan babur.